Darasin da Waya Ta Rubuta wa Malam Danna-nan

Ɗakin kwamfuta na makarantar yana can ƙarshen baranda, kusa da famfon da ya daina kawo ruwa. Kwamfuta goma sha ɗaya ce a ciki, kowace da rigarta ta shuɗin yadi da aka ɗinka mata don kada ta yi datti. Idan baƙo ya leƙo ta taga sai ya gyaɗa kai ya ce lallai makarantar nan ta ci gaba. Amma biyu ne kaɗai ke tashi. Akwai ta uku da takan tashi idan an ɗan mare ta a gefe, ita ma sai ranar da ta ga dama. Sauran takwas ɗin kuwa barcinsu suke yi, ba mai tashinsu.

Malamin ɗakin, yara suna ce masa Malam Danna-nan, saboda ba ya minti biyar bai ce "danna nan" ba. Asali ba kwamfuta aka ɗauke shi ya koyar ba, noma ne. Shekara shida da suka wuce malamin kwamfuta ya sami wani aikin ya tafi, hedimasta ya duba malamansa kaf ya ga wannan ne kaɗai ya iya saita masa agogon waya, sai ya miƙa masa makulli. Shi kuwa ya ɗauki abin da gaske. Ya samo wani tsohon littafi marar bango, ya zauna gaban kwamfutocin nan biyu yana karatu yana dannawa har ya iya, har abin ya shiga ransa.

To, yara hamsin da biyu ne a aji, kwamfuta biyu. Sai ya ƙirƙiro dabara. Yakan zana gidaje da alli a kan siminti, ya tsayar da yaro ɗaya ya ce shi ne kwamfuta, sauran su ba shi umarni, shi kuma kada ya yi komai sai abin da aka faɗa masa daidai. Yara suna son wasan kamar me. Shi dai kunyarsa yake ji. A ganinsa wannan koyarwar marasa kayan aiki ce, don haka da an ce baƙi na tafe sai ya sa a goge simintin tas.

Wata Litinin hedimasta ya kira shi ofis, ya tura masa wata takarda a kan tebur.

"Karanta, Malam. Daga sama ta zo. Duk mai koyar da kwamfuta sai ya je bita ta kwana biyar, ya dawo da takardar shaida. Wanda bai samu ba, ya koma darasin da aka ɗauke shi a kai."

"Ranka ya daɗe, wato noma?"

"Fartanyoyinka suna nan a sito, ba wanda ya taɓa maka su," in ji hedimasta, yana murmushi har kunne.

Malam ya fito jikinsa a sanyaye. Ba noman yake ƙi ba, sana'ar ubansa ce. Amma da ya tuna za a rufe ɗakin nan, a mayar da rigunan kan biyun da ke tashi, sai ya ƙudura lallai sai ya samo takardar nan.

A wani babban zaure aka yi bitar, malamai wajen arba'in daga makarantu daban-daban. Mai horar da su wata mace ce siririya, ba ta ɗaga murya, kuma ba ta rabuwa da jan biro a hannu. Kafin rana ta biyu an sa mata suna Jan Biro. Ta koya musu abubuwa da yawa, har ta zo kan maganar manhajar nan ta waya da ake yi wa tambaya ta rubuto amsa nan take, wadda yara suka gano suna kwafe aikin gida da ita.

Nan fa zaure ya kaure. Kowa yana da ƙorafi. Malam Danna-nan ya fi kowa ɗaga hannu.

"Malama, yaran yanzu ba sa son wahala! Yaron da bai iya rubuta sunan ubansa daidai ba, sai ya kawo maka shafi biyu ba kuskure ko ɗaya. Ni da na gani nake sa masa sifili, ba na ko tambaya."

Aka yi masa tafi. Jan Biro ta dube shi ta rubuta wani abu a littafinta.

Ranar Alhamis ta ba su aikin da za a yi hukunci da shi. Kowa ya rubuto tsarin darasi guda a kan maimaita umarni, wato yadda ake sa kwamfuta ta yi abu ɗaya sau da yawa har zuwa inda aka ce ta tsaya. Ta ce kowa ya rubuta yadda zai koyar a ajinsa na gaskiya, a kawo gobe da safe.

Wanda ke zaune kusa da Malam wani malami ne mai rawar kai, ana ce masa Sauri. Da aka tashi ya ga Malam yana ta jujjuya biro.

"Yaya, me ya dame ka?"

"Ban taɓa rubuta tsarin darasi irin na takarda ba. Ni dai shiga aji nake yi."

"Kawo wayarka." Sauri ya daddanna, ya miƙo masa. "Ga ta nan. Faɗa mata abin da kake so, kafin ka sha ruwa ta gama."

"Wannan ba ita ce ta yaran ba?"

"Su yara ne. Mu ai malamai ne, bincike muke yi."

Bayan la'asar Malam yana zaune a tsakar gida, waya a cinya, takarda a kan kujerar katako, yana kwafa da hannu. Matarsa tana gefe tana gugar kayan makarantar yara. Ta ɗaga dutsen guga ta leƙo.

"Baban yara, me kake kwafa haka kamar ɗan aji uku?"

"Bincike nake yi."

"Au. Ranar da babban ɗanka ya yi irin binciken nan ai kunnensa ka murɗe."

"Wannan daban ne. Ke dai yi gugarki."

"To. Amma ka karanta abin da kake rubutawa kuwa? Na ga hannu na tafiya, ido kuma yana kan tukunya."

Bai karanta ba. Turancin ya yi masa kyau ainun, jimloli dogaye masu sheƙi, irin waɗanda shi da kansa ba zai taɓa haɗawa ba. Ya kwafe shafi uku, ya ja layi a ƙasa da rula, ya ci abincinsa hankali kwance.

Washegari Jan Biro ta karɓi takardu, ta zauna tana dubawa su kuma suna jira. Ba ta ja layi ko ɗaya da jan biron ba, abin da ba a saba gani ba. Da ta gama ta ɗago tana murmushi.

"Na ji daɗi ƙwarai. Ashe makarantunmu sun ci gaba haka ban sani ba. Tunda darussan sun yi kyau, zan zagaya in ga kowa yana koyar da nasa, daidai yadda ya rubuta. A nan zan sa hannu a takardar shaida." Ta duba littafinta. "Malam mai ba da sifili, kai ranar Talata ta sama, ƙarfe goma."

A cikin motar haya Malam ya ciro kwafin da ya sa aka yi masa kafin ya miƙa takardar, ya fara karantawa a karo na farko. Layin farko ya ce kowane ɗalibi ya zauna gaban kwamfutarsa. Na biyu ya ce malami ya kunna majigi ya haska misali a bango. Na uku ya ce ɗalibai su shiga intanet. Can ƙasa kuma an ce a raba wa kowane rukuni 'yar motar roba mai karɓar umarni daga kwamfuta. Malam bai taɓa ganin irin motar ba ko a hoto. Har aka wuce tasharsu bai ce a tsaya ba.

Da ya koma makaranta ya kai wa hedimasta takardar. Da hedimasta ya karanta, ya cire tabarau ya goge, ya mayar ya sake karantawa.

"Malam, a wace makarantar ka rubuta wannan? In akwai gurbi ni ma a ɗauke ni."

"Ranka ya daɗe, kuskure ne."

"Kuskure mai shafi uku?" Ya tashi ya rufe ƙofa, ya rage murya. Shi hedimasta mutum ne da ba ya son a ga gazawar makarantarsa, ko tsintsiya ce ta ƙare. "Saurara. Ba za mu ji kunya ba. A cire wa kwamfutocin riguna, a goge su su yi ƙyalli. Ka samo farin zanen gado a kafa a bango, a ce na majigi ne. Da motarta ta shigo, Baba mai gadi ya kashe babban makunnin wuta. Sai mu ce, kash, yanzu-yanzu aka ɗauke. Wa zai musa? Ka yi mata bayani da baki, ta sa hannu, ta tafi."

Malam ya san abin bai dace ba. Amma ya hango kansa da fartanya a kafaɗa, sai ya ce to.

Zanen gadon ma sai da aka sha magana kafin a samu.

"Sabon zanena za ka kai makaranta ka buga masa ƙusa?" in ji matarsa. "Wannan ma cikin binciken ne?"

"Aro ne, zan dawo da shi."

"Ka dawo da shi da huda huɗu. Ɗauki. Amma in matar nan ta kama ku, kada ka ce na sani."

Ranar Talata an share ɗaki, an goge zanen alli daga siminti, kwamfuta goma sha ɗaya suna ta ƙyalli ba riga. Yara hamsin da biyu sun matsu a benci. Goma saura kwata wata tsohuwar mota ta shigo harabar makaranta. Baba mai gadi ya ɗaga mata hannu da fara'a, ya zagaya bayan ofis da saurin da ba a san shi da shi ba. Fankar ɗakin ta yi juyi biyu ta tsaya.

Hedimasta ya tari baƙuwa a baranda yana tafa hannu.

"Sannu da zuwa, Malama, sannu da hanya. Kash! Kin ga rashin sa'a, yanzun nan aka ɗauke wuta. Da kin zo minti biyar da suka wuce, da kin ga abin mamaki."

"Allah sarki," in ji Jan Biro. "Ba komai, ranka ya daɗe. Makaranta bakwai na je tun makon jiya, kuma duk inda na sa ƙafa sai a ɗauke wuta. Har na fara zargin ƙafata. Shi ya sa yanzu nake yawo da maganin abin." Ta juya ta kira mai gadi. "Baba, don Allah taimaka mini da abin da ke bayan mota."

Baba mai gadi ya buɗe bayan mota. Ƙaramin janareta ne, ja, da doguwar waya a naɗe. Ya ɗago ya dubi hedimasta, hedimasta ya dubi sama.

"'Yata, a ina za a ajiye?"

"Bakin taga, Baba. Ja ɗaya yake tashi."

Ja ɗaya kuwa ya tashi. Aka jona. Kwamfuta biyu suka haska. Malam, saboda sabo, ya kai wa ta ukun mari a gefe, ita ma ta taimaka ta buɗe ido. Takwas suka ci gaba da barcinsu. Zanen gado yana ta kaɗawa a bango, da furen da aka ɗinka a gefensa.

Jan Biro ta zauna a bencin baya, ta buɗe takardarsa.

"Bismillah, Malam. Layin farko, kowane ɗalibi ya zauna gaban kwamfutarsa."

Yara suka dubi juna. Wata yarinya mai tabarau, ita ce monitar aji, ta ɗaga hannu.

"Malam, mu hau layi kamar kullum, ko yau duka za su tashi?"

Malam ya waiga. Ya dubi hedimasta, ya ga shi ma ƙofa yake kallo. Sai ya ajiye allin da ke hannunsa a hankali.

"Malama, ba ni na rubuta takardar nan ba. Hannuna ne, amma waya ce ta faɗa. Ba mu da majigi. Wancan zanen gadon matata ne. Motar roba kuwa ban san kamarta ba."

Aji ya yi tsit, sai ƙarar janareta. Can daga baya wani yaro ya ce a hankali, amma kowa ya ji, "Sifili."

Dariya ta ɓarke. Jan Biro ma sai da ta rufe baki da takarda.

"Na sani, Malam. Daren ranar da na ba ku aikin ni ma na yi wa wayar tambayar, don in ga abin da za a kawo mini. Mutum talatin da ɗaya kuka kawo mini motar roba." Ta rufe takardar. "Yanzu ka nuna mini abin da kake yi ranar Talatar da ba baƙo."

"Ranki ya daɗe, wasa ne kawai. Ba na a nuna ba ne."

"Shi nake son gani."

Malam ya durƙusa ya fara zana gidaje a siminti. Kafin ya kai rabi yara sun karɓe allin sun ƙarasa, don sun fi shi sanin yadda ake yi. Ya ce wa zai zama kwamfuta, hannu hamsin da biyu suka tashi.

"Tunda yau rana ce ta musamman," in ji Jan Biro, "a ba mu babbar kwamfuta. Ranka ya daɗe, ko za ka taimaka?"

Hedimasta ya buɗe baki zai ƙi. Sai ta ɗan waiga wajen fankar da ke tsaye, ta dawo da ido kansa. Ya gyara riga ya shiga gidan farko.

Malam ya yi bayani. "Kwamfuta ba ta da wayo, ba ta da tausayi. Abin da ka ce shi take yi. Wa zai kai ta bakin allo?"

Wani yaro ya miƙe. "Taka ɗaya gaba. Maimaita."

Hedimasta ya taka. Ya sake takawa. Ya kai bakin allo ya tsaya.

"Ranka ya daɗe, wa ya ce ka tsaya?" in ji Malam.

"Bango ne a gabana, Malam."

"Kwamfuta ba ta san bango ba sai an faɗa mata."

Haka hedimasta ya ci gaba da taka ƙafa a wuri ɗaya, hancinsa na gogar allo, alli na zuba a kan rigarsa. Yara har da masu faɗowa daga benci.

"Me ya ɓace a umarnin?" Malam ya tambaya.

Monita ta yi tsalle. "Bai faɗa mata inda za ta tsaya ba! Sai a ce, maimaita har sai ka kai allo."

"Gyara masa."

Ta gyara, hedimasta ya tsaya yana huci. Sai wani ɗan ƙaramin yaro da ba ya magana a aji ya ɗaga hannu. Ya ce kwamfuta ta taka uku, ta juya dama, ta maimaita har sai tebur ya yi magana.

Hedimasta ya fara zagaya tebur. Zagaye ɗaya, biyu, uku. A na biyar ya ce, "Malam, wannan yaron ɗan wane ne?"

"Kwamfuta ba ta tambaya, ranka ya daɗe."

Jan Biro ta miƙe ta tambayi aji yaushe kwamfutar nan za ta tsaya. Suka haɗa baki suka ce har abada, tunda tebur ba ya magana. Ta ce to laifin wa, na kwamfuta ko na mai umarni? Suka nuna ɗan ƙaramin, shi kuma yana ta washe baki. Ta sa yara uku suka rubuta umarnin a kan kwamfutocin da ke tashi, biyu suka samu daidai, na ukun ya manta wurin tsayawa, aji duka suka yi masa ihu kafin Malam ya buɗe baki. Sai a lokacin aka tuna da hedimasta, aka ce ya tsaya. Ya zube a kujerar Malam yana fifita da rajistar aji.

Da aka kaɗa ƙararrawa yara suka fita, Jan Biro ta ɗauki takardar nan mai shafi uku ta zana mata ƙaton sifili, ja wur, ta miƙa masa. Malam ya karɓa da hannu biyu.

"Kawo wayarka," ta ce. Ya miƙa, ta kife ta a tebur. Ta ba shi farar takarda. "Zauna a bencin can. Rubuta mini abin da na gani yanzu, yadda ka yi shi. Minti talatin."

Ya matse a bencin yara, gwiwoyinsa na taɓa ƙasan tebur. Ya rubuta alli, ya rubuta siminti, ya rubuta yara hamsin da biyu da kwamfuta biyu da rabi. Jimlolin gajeru ne, wasu a karkace. Shafi ɗaya ya samu da ƙyar.

Ta karanta a tsanake, jan biro na aiki. Shi yana ƙirga jan layin daga inda yake, har ya kai goma sha huɗu ya daina. Da ta gama ta buɗe jakarta, ta ciro takardar shaida, ta rubuta sunansa, ta sa hannu, ta hura tawadar.

"Ka gyara goma sha huɗun nan ka aiko mini. Kuma wata mai zuwa akwai wata bitar, kai za ka nuna wa malamai wannan darasin. Ka zo da allinka." Ta juya wajen hedimasta. "Ranka ya daɗe, ko za a ba mu aron kwamfutar?"

Hedimasta ya ɗago daga kujera, yana murza gwiwa.

"Malama, wannan kwamfutar ta tsufa. Ku nemi sabuwa."